Shirin ya yi kyau a ido, amma mugayensa ba mutane ba ne

Shiri ne mai dogon zango da ake saki mako-mako a YouTube, na wani darakta da ya yi suna a labaran cikin gida: kishi, gado, riƙon maraya, uwar miji da matar ɗa. Ba zan kama sunansa ba, don abin da zan faɗa ba shi kaɗai ya shafa ba. Na bi zangon nan daga farko har ƙarshe a shagon ɗinkina da ke Jekadafari a Gombe, waya jingine da gwangwanin zare, yaran shago suna aiki suna satar kallo. Na kuma kalli wasu ayyukansa na baya, saboda haka ba daga gani ɗaya nake yanke masa hukunci ba.

In dai aiki ne, an yi aiki. Hoto tas, murya tana fita ko da keke na gudu, kiɗa ba ya danne magana. Ni da idona ke kan kaya, na yaba wa wanda ya shirya sutura, domin matar talaka ta fito da atamfar da ta sha wanki, ba leshi da gwaggwaro a bakin murhu ba. Ranar saki ma ba su cika saɓawa ba. Sai dai tsawo. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a farkon 2025, na daina yafe wa duk fitowar da za a ɓata minti goma ana nuna mota tana shiga gida tana fita.

Matsalata tana wajen mugayen. Uwar mijin da ke cikin shirin nan, tun fitowarta ta farko an gama gaya maka ko wace ce: baƙin jambaki, gira a ɗage, ga wani kiɗa mai tsuma rai da ke rakiyarta duk inda ta sa ƙafa. Surukarta mai tsohon ciki ta kawo mata tuwo, ta durƙusa har ƙasa. Hajiya ta buɗe kwanon, ko ɗanɗanawa ba ta yi ba, ta kifar a tsakar gida, ta sa yarinyar ta kwashe da hannu. Daga nan ta shige ɗaki ta zauna ita kaɗai tana ƙyaƙyata dariya, tana faɗa wa bango abin da za ta yi gobe. Har zangon ya ƙare ba a gaya mana me yarinyar ta yi mata ba. Ba a nuna tana tsoron ɗanta zai daina kula da ita ba, ba a nuna akwai 'yar ƙanwarta da ta so ya aura ba, ba a nuna ita ma ta sha wuya a hannun tata uwar mijin ba. Ko sau ɗaya ba mu ga ta ɗauki jika ta yi masa wasa ba. Mugunta ce kawai safe da yamma, sai ka ce miyar da babu komai cikinta sai barkono.

Wata dattijuwa da ke kawo min ɗinki ta taɓa tarar da mu muna kallon wannan wajen. Cikin wasa na ce, "Goggo, kin ga halinku na iyayen miji ko?" Ta gyara zama, ta kalla na ɗan lokaci, ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ai ba uwar miji ba ce, aljana ce. Mu ba haka muke yi ba." Yaran shago suka fashe da dariya. Ni kuwa nan na ga asarar shirin. Duk uwar mijin da ke gasa wa surukarta aya a hannu da shiru, da habaici, da "ni ai ban ce komai ba", za ta kalli Hajiyar nan ta tashi hankalinta kwance, tunda ita ba ta taɓa kifar da tuwon kowa ba.

Bappan marayun da ke cikin shirin ya fi ba ni haushi. Ranar sadakar uku, baƙi ba su watse ba, ya watso kayan matar wansa waje ya sa wa gida kwaɗo. A wace unguwa? Mace tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, a fitar da ita titi, babu maƙwabci, babu liman, babu mai unguwa, babu wanda ya tuna akwai kotun shari'a? Yaron Islamiyya ma ya san matar mamaci tana da tumuni in akwai 'ya'ya, namiji kuma yana ɗaukar rabon mata biyu. Masu cin gadon marayu suna nan, mun san su, amma ba da ihu suke ci ba. Irin wannan mutumin shi ne kan gaba wajen zaman makoki, shi ke kawo buhun shinkafa. Sai ya ce a dakata da rabo har yara su girma, zai riƙa juya musu kuɗin. Shekara ta zagayo a ji an sayar da gona "don kuɗin makaranta". Kowa na sa masa albarka, uwar yaran kuma kunya ta hana ta tambaya. Da irin wannan bappan aka nuna, da mutane da yawa sun kasa haɗa ido da juna a falo.

Na san inda abin ya samo asali. Mun tashi da tatsuniyar bora da mowa, mun kuma sha finafinan Indiya inda mugu ke da nasa kiɗan. Amma tatsuniya kafin barci ya ɗauke ka ta ƙare, ba a jan ta wata da watanni. Gizo ma, da duk ha'incinsa, mun san yunwa da kwaɗayi ke tura shi, shi ya sa muke dariya in ya sha duka, gobe kuma mu sake neman labarinsa. Fim ɗin Hausa na bidiyo tun 1990 ya fara a Kano, tashar Arewa24 ta zo a 2014 ta saba mana da shiri mai dogon zango. Masu kallo sun girma. In za ka zauna da mutum mako bayan mako, dole a ba ka fiye da harara.

Ƙarshen kuwa ko yarinyar da ke mana kalmasa ta faɗe shi tun zango bai yi rabi ba. Hajiya ta samu shanyewar ɓarin jiki, Bappa ya yi hatsari a hanyarsa ta dawowa daga wajen boka, kowa ya nemi gafara a gadon asibiti cikin minti biyar, baiwar Allah ta yafe tana hawaye. A ayyukan daraktan na baya hauka ne ko gobara. Ita ma wadda ake zalunta an cuce ta, don ba a ba ta aikin komai ba sai kuka da "Allah ya isa" a zuci. 'Yar wasan da ta fito a Hajiya ta iya aiki, akwai wani waje da ta yi shiru tana kallon hoton marigayi mijinta har na ɗauka za a buɗe mana cikinta, sai kiɗan nan ya sake tashi.

Wanda ke son abin da zai ɗebe masa kewa yana aikin hannu, shirin zai yi masa, babu batsa, ana iya kallo da yara in an jure zage-zagen. An sanar da sabon zango, wai wannan karon kishiya ce za ta shigo gidan. Zan duba fitowar farko. In na ga baƙin jambaki, datata ta huta.