Ciwo a ƙafa, asali a ƙugu: abin da na gani a wajen masu gashi

Shekara 22 ina kan keken ɗinki a Fagge, ban san akwai jijiyar da ta taso daga ƙugu ta sauka har yatsun ƙafa ba, sai da ta kama ni ana saura sati uku ƙaramar Sallah. Ciwon daga bayan cinyar dama yake tasowa, ya bi sharaɓa, ya sauka tafin ƙafa kamar an jona mini wutar lantarki. Da yake da ƙafar nake taka keke, na ce gajiya ce. Na sha diclofenac na kemis har cikina ya fara zafi. Wanzami ya yi mini ƙaho a sharaɓa sau biyu. Uwargida ta yi ta gasa mini ƙafar da tawul da ruwan zafi. Dukkanmu ƙafar muka sa a gaba.

Wani ɗan'uwana ne ya matsa mini na je wani asibitin fisiyo mai zaman kansa, wanda mu muke ce wa wajen gashi. Na tafi da tunanin za a haska mini jar fitila a ƙafa in dawo.

Likitan, matashi ne da bai wuce sa'ar ƙanena ba, ya fi minti 20 yana tambaya kafin ya taɓa ni. Zama ya fi tayar da ciwon ko tafiya? In na yi tari ko atishawa yana harbawa? Yana harbawa kuwa, ban dai taɓa haɗa shi da ƙafa ba. Sai ya yi wata tambaya da ta ba ni kunya: ko fitsari ko bayan gida na kuɓuce mini, ko tsakanin cinyoyina ya mutu? Na ce a'a. Ya ce, "Alhamdulillahi, Baba. Da akwai wannan, ba gashi za mu yi ba, yanzu-yanzu zan tura ka wajen likitan tiyata."

Ya kwantar da ni rigingine, ya ɗaga ƙafar a miƙe. Ba ta kai rabin hanya ba na yi ƙara. Ya sauke ta kaɗan, ya lanƙwasa tafin ƙafar sama, ciwon ya dawo. Ya sa na yi tafiya a kan dunduniya, sannan a kan yatsu, ya buga mini ƙaramar guduma a gwiwa da agara. Daga nan ya ɗauko ƙashin baya na roba ya nuna mini ƙasusuwa 5 na ƙugu, da faifan guringuntsi da ke tsakaninsu kamar matashi. A ganinsa ɗaya daga cikin na ƙasa ne ya bultso yana danne tushen jijiyar, saboda zaman doro a kan benci daga safe har dare. Ƙafar ba ta da laifi, saƙo kawai take isarwa. Na tambayi hoto, ya ce ba sai an kashe kuɗin MRI yanzu ba, don yawancin irin wannan yana lafawa cikin sati 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba.

Atisayen da ya ba ni har dariya ya ba ni: in kwanta rub da ciki, in tura ƙirjina sama da hannuwa, ƙugu na ƙasa, sau 10, sau da yawa a yini. Ya ce in ciwon ya baro ƙafa ya koma ƙugu, ko da ya ƙaru a can, alama ce mai kyau. Haka kuwa aka yi. A sati na biyu sharaɓa ta sake ni, ƙugu ya ɗauka. Da bai faɗa mini ba, da na ce sun ƙara mini ciwo na daina zuwa.

Inda ban ji daɗi ba: kowane zuwa da kuɗinsa, kuma na je sau 8. Ranar da ba ya nan, wanda ya karɓe ni manna mini wayoyin wata na'urar lantarki mai tsikari ya yi, ya kunna fitila, ya fita abinsa. Daɗi kam akwai, amma kafin in isa gida a Keke Napep ciwon ya dawo. Ga jira, wata rana awa biyu a kan benci, wanda shi ne ainihin abin da aka hana ni. Duk mai zuwa ya nemi wanda ya duba shi tun farko, ya kuma dage a kan atisaye.

Yanzu na ɗaga bencina, na sa ƙaramin matashi a bayan ƙugu, kuma duk rabin awa nakan miƙe in zagaya shago, yaran suna dariya a ɓoye. Babban yatsana har yau yana ɗan jin kamar ba nawa ba idan na daɗe a zaune. Ɗinkin babbar Sallah kuwa kala 15 na mayar wa masu su, ban yi kwanan shago ko sau ɗaya ba.