Shagon fatar da ke cewa babu gumin yaro cikin kayanshi: abin da na gani da inda magana ta tsaya

Masu tambayata inda nike ɗauko jakunkunan fata da tumtum ɗin nan, ga bayani gaba ɗaya in huta. Wani shago ne can wajen Madunka nan cikin Sakkwato, na wani dattijo da ɗiyanshi, kuma tun farko in gaya muku kayan sun yi, kuɗɗinsu sun ɗara na maƙwabta, in kuma gaggawa kake to kada ma ka fara. Ban kama sunan shagon don akwai abubuwan da zan taɓa waɗanda ba su kaɗai sunka shafa ba, duk sana'ar ce.

Fata dai ta jan akuya ce ta gaske, irin tamu wadda tun zamanin fatake ake ƙetara hamada da ita har Turawa sunka laƙa mata sunan Maroko alhali daga nan ƙasar ta fito. Ka matsa ta da hannu ta koma yadda take, ba ta tsagewa wurin lanƙwasa, kuma jimar bagaruwa ce. Jan launinsu na karan dafi ne, shina zuba kaɗan farko farko, kada ka rataya sabuwar jaka bisa farin yadi ranar Juma'a ka dawo kana zagina. Wari akwai shi a satin farko kamar kowace fatar gargajiya, iska na ɗauke shi. Ɗinki kuwa ba magana, layi a miƙe, bakin jaka a naɗe an sake bi. Inda sunka gaza shi ne zif. Wallahi abin haushi ne ka ga jakar laftof da an ɓata kwanaki ana ƙawata ta sannan a liƙa mata zif ɗin da kan shi ke cirewa kafin wata biyu, na yi musu ƙorafi sun canza min ba su amshi ko sisi ba amma wanda sunka sa ɗin ma ɗan uwan na farko ne.

To amma ba zif ya sa ni wannan dogon rubutu ba. Akwai wata kwastomata a Legas da ke tura kaya Ingila, wani babban kanti can ke saye hannunta, sai ga ta ta turo min fom mai shafi da yawa wai a cike, duk tambayoyi kan su wa ke aikin, shekarunsu nawa, ana biyansu ko ba a biya, akwai wanda anka riƙe ma katin shaida, akwai wanda bashi ya ɗaure shi ba ya iya barin aiki. Dalili kuwa, Ingila sun yi doka a 2015 kan bautar zamani, duk kamfanin da cinikinshi ya kai fam miliyan 36 a shekara dole ya fitar da bayani kowace shekara kan matakin da ya ɗauka don kada a samu aikin tilas ko safarar mutane cikin hanyar da kayanshi ke biyowa. Shi babban ya matsa ma na ƙasa da shi, na ƙasa ya matsa ma na ƙasa, har abin ya gangaro ya faɗo kan baduku a Sakkwato. Tarayyar Turai ma sun amince da tasu a 2024 wadda za ta hana shigar duk kayan da anka yi da aikin tilas, daga ƙarshen 2027 za ta fara aiki, don haka duk mai mafarkin fitar da fata waje ya san wannan fom ɗin ba inda za shi.

Shaguna da dama da na nuna ma takardar dariya sunka yi, wani ya ce in rubuta "babu" daga sama har ƙasa ai Bature ba zuwa zai yi ba. Mu nan in an ce safarar mutane hankalinmu Illela yake tafiya, 'yan mata cikin mota a ƙetara Ƙonni a bi Tawa a kai Agadas sai Libiya, shi ya sa ma NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ke da ofis a garin nan. Wannan gaskiya ne amma ba shi kenan ba. Yaron da wani dillali ya ɗauko daga ƙauye ya kawo shi gari ya damƙa ma mai sana'a, ƙarshen wata dillalin ke zuwa ya amshe kuɗɗin, yaron bai san ko nawa ne ba kuma bai da kuɗin motar komawa gida, wannan mi za a kira shi? Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 27.6 ke cikin aikin tilas a 2021, miliyan 3.3 daga ciki yara ne, kuma ba duka ne ke cikin sarƙa ko bayan katanga ba, riƙe albashi da bashi su ne igiyar da an fi ɗaure mutane da ita.

Shi dattijon nan bai yi dariya ba. Ya sa ɗanshi ya karanta mishi fom ɗin da Hausa tun daga farko har ƙarshe sannan ya ce a ɗauko littafi. Littafin ba wani abin a zo a gani ba ne, irin dogon nan mai baƙin bango da 'yan adashi ke riƙewa, amma kowane ma'aikaci na da shafinshi, suna da garinsu da ranar da ya fara, aikin da ya yi cikin sati da abin da anka ba shi, ga sa hannu ko dangwale. Yawancinsu ma tiransifa ake musu ranar Alhamis, ɗaya daga cikin masu ɗinkin da kanshi ya buɗe wayarshi ya nuna min alat ɗin ba tare da na roƙa ba, kuma asusun da sunanshi yake ba na wani kawu ko maigida ba. Wannan ya fi min duk wata rantsuwa.

Sai na ga yara biyu can ciki suna goge fata suna jera zare, na ce Baba, ga shi kun ce babu yaro. Ya ce "ɗana, waɗanga jikokina na, in sun taso makaranta su zo su zamna nan zuwa la'asar, in ban koya musu ba wa za ya gaje ni? Wuƙa dai ba su taɓa ta, majema ko ba su zuwa." Kuma ni a ganina shina da gaskiya. Fom ɗin Turawan nan da tambaya guda yake son ya raba komi, akwai yaro ko babu, alhali tsakanin jikan mai shago da ke koyon gadon gidansu bayan ya dawo boko da islamiyya, da yaron da ya wuni tsaye cikin ruwan toka don kwanon tuwo, akwai tafiya mai nisa. Dokar ƙwadagon ƙasar nan kanta ta hana sa wanda bai kai 15 ba aikin masana'anta, ta NAPTIP ta 2015 kuma ta hana ɗaukar wanda bai kai 12 ba aikin gida, amma ba takarda ce za ta nuna maka wane yaro ne ɗan gida wane ne anka kawo ba, sai ka zauna ka ga wa ke tashi in an kira salla ya tafi gida cin abinci wa ke raɓewa gefe shina jiran a miƙo mishi saura.

Maganar almajirai ita ce mai nauyi kuma nan ne na fi jinjina musu. Kowa ya san yadda abin yake, almajiri shi ne lebura mafi arha a garin nan, ya ɗebo ruwa ya kwashe gashi ya shanya fata ya share wuri, a ba shi ɗari biyu da ɗumame a ce an taimake shi, mai ba da aikin ma har ji yake ya yi sadaka. Su sun daina wannan. Wanda ya kai shekaru cikin manyan almajirai, irin gardawan nan, in yana son koyo sai an je an ga malaminshi an yi magana a buɗe mishi shafi cikin littafi kamar kowa, kuɗɗinshi hannunshi. Ƙanana kuwa in sun zo a ba su abinci su wuce, ba a sa su komi. Wani maƙwabcinsu ya ce min ai wannan mugunta ce, an hana yaro samun na sabulu. Na fahimci abin da yake nufi, yunwa ba ƙarya ba ce, amma shi mai faɗin hakan yara huɗu na gani suna mishi aikin da babba ɗaya zai amshi kuɗi masu kauri kafin ya yi, to tausayin nan nashi akwai riba ciki.

Na roƙi a kai ni majemar da suke saye, ba su yi gardama ba, babban ɗan ya ɗauke ni bisa mashin. Wanda bai taɓa shiga majema ba ba zai gane ba, warin kaɗai ya isa, ga ruwan toka da ke cin hannu ga kartar gashi da wuƙa mai kaifi ga tsayuwa cikin rami. Majemin da ke musu aiki manya na gani wurinshi, har da masu furfura. Sai dai safar hannu da takalmin roba da anka ce an saya musu suna rataye jikin bango sababbi ful, wai zafi suke sawa, hannuwan mutanen kuwa duk sun tsattsage. Kuma ramin da ke maƙwabtaka da nasu, wanda ba ruwanshi da wannan shago, yaro na gani ciki wanda bai wuce sha biyu ba. Fili ɗaya, rijiya ɗaya, igiyar shanya ma kusan ɗaya. Ranar da oda ta yi yawa majeminsu ya kasa cikawa, wa zai rantse ba zai miƙa hannu ya amso fata goma daga ramin gefe ba?

Abin da ya fi burge ni can shi ne yadda suke da bashi. Al'adar sana'ar ita ce mai shago ya ba majemi kuɗi kafin aiki, gab da babbar salla musamman lokacin da fata ke yawa, to daga nan ne wasu ke kama mutum, bashin bara bai ƙare ba an ɗora na bana, farashi kuma mai bashi ke yankawa, kai ba ka isa ka kai ma wani kayanka ba har ɗanka ya gaji ramin ya gaji bashin. Su suna ba da kafin alƙalamin amma a rubuce gaban shaidu, da ranar da zai ƙare, ba a ƙara komi bisa, kuma majemin na da damar sayar ma wanda ya ga dama. Na ja shi gefe na tambaye shi bayan ɗan Baba ya tafi sayen ruwa, abin da ya faɗa min bai saɓa ba.

Daga majema zuwa baya kuwa labari ya ƙare. Ɗanyar fata daga hannun 'yan kwatta da dillalan da ke bin kasuwanni take zuwa, Achida, Illela, Tangaza, wata ma daga Nijar, ta bi hannu uku huɗu kafin ta iso. Wa ya yi kiwon akuyar, wa ya tsinto bagaruwar cikin daji, su wa sunka yi zif da ƙarfen a masana'antar da ba mu san ko wace ƙasa take ba, ba mai amsa wannan. Shi ya sa sitikar da samarin shagon sunka buga suna liƙa ma kaya, wai ɗari bisa ɗari babu aikin yara babu aikin tilas, ban yarda da ita ba kuma na gaya musu. Ku rubuta abin da kunka sani, shagonmu da majemarmu mun duba, sauran ba mu kai can ba. Haka ma na cike ma Hajiyar Legas fom ɗinta, inda ba a bincika ba na rubuta ba a bincika ba, kuma ba su soke odar ba, ƙarin tambayoyi dai sunka turo.

Albashi ma kada a zuzuta. Biyan na kan aiki ne, jaka kaza kuɗi kaza, watan da kasuwa ta buɗe mai hannu da sauri na wuce mafi ƙarancin albashin nan na dubu 70 da anka sa hannu a 2024, watan da ta mutu ba ya ko kusa, kuma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba ko masu biyan kan aiki. Ba bauta ba ce, mutum na iya ajiye basilla ya tafi gobe ba mai tare shi, amma ba daula ba ce.

Farashi, ka ƙaddara za ka ƙara kamar kashi ɗaya cikin huɗu bisa abin da za ka biya layin gaba, kuma ba su cika ragi ba, Baba in ya faɗi kuɗi sai dai ka yi ta surutunka shina jan tasbaha. Alkawarin lokaci kuwa sai haƙuri, in sun ce sati biyu ka sa uku a ranka, tunda ba su tara yara su kwana suna aiki don a cika oda. WhatsApp ɗinsu ma sai ka yi sallama da safe a amsa bayan isha'i, gara ka kira. Suna ba da risit, suna amsar POS, suna sa kaya mota zuwa Abuja da Kano da Legas amma kuɗin mota naka ne.

Mai son walat guda ko takalmin salla na arha, kasuwa cike take ba sai ya zo nan ba. Mai sarin da zai fitar waje ko ya kai ma kamfanin da ke tambayar asalin kaya, nan ne wurin da na samu littafin da za a iya buɗe ma baƙo ba a ji kunya ba. In za ka ba da odar jaka dai ka sayi zif ɗinka mai kyau ka kai musu, ka kuma ce kada a liƙa maka sitikar.