Harsashin .30-06 Springfield: ko ya isa maharbi ya riƙe shi shi kaɗai?

Mafi yawan masu farautar manyan namun daji ba su da halin ajiye bindiga uku ko huɗu, don haka tambayar da ke damunsu ita ce wane girman harsashi ne zai yi musu aiki daga barewa har zuwa gwanki da dangoginsa. A ra'ayina, .30-06 Springfield ne ya fi cancanta da wannan matsayi, ko da yake yana da nasa naƙasun.

Rundunar sojan Amurka ce ta fara amfani da shi a 1906, kuma daga nan lambar 06 ta samo asali. Kaurin kansa milimita 7.62 ne, tsawon kwansonsa kuma milimita 63, abin da ya ba shi wurin ɗaukar albarushi mai yawa. Babban abin da ya ɗaukaka shi shi ne yawan nauyin kai da yake karɓa, tun daga giren 110 har zuwa 220 (giren shi ne ƙaramin ma'aunin da ake auna nauyin kan harsashi da shi). Mai nauyin giren 150 yana fita daga bakin bindiga da gudun kusan ƙafa 2,900 a daƙiƙa, wanda ya wadatar ga barewa da aladen daji, yayin da mai giren 180, wato kusan giram 11.7, yake fita da gudun ƙafa 2,700, ya ratsa kafaɗar babbar dabba ya kai ga huhu. Ke nan bindiga ɗaya ce, sai dai maharbi ya canza harsashi gwargwadon abin da ya fita nema, ya kuma sake daidaita saiti duk lokacin da ya canza.

Inda na fi ba shi daraja shi ne batun dukan da bindiga ke yi wa kafaɗa, domin a nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu wajen zaɓe. Harsashin .300 Winchester Magnum, wanda ya fito a 1963, yana tura kai mai giren 180 da gudun da ya haura na .30-06 da kusan ƙafa 250, amma dukansa da ƙararsa sun fi tsanani sosai. Mutumin da jikinsa ya fara tsoron bindigarsa yakan runtse ido ya fizgi kunama tun kafin harbi ya tashi, kuma sakamakon haka shi ne dabbar da aka raunata a ciki ko a cinya, ta gudu ta mutu da wahala a inda ba za a same ta ba. Wannan abu yana sosa mini rai ƙwarai, kuma ƙarin gudu ba ya gyara shi. Dukan .30-06 yana daidai iyakar abin da yawancin manya za su jure su yi atisaye akai-akai ba tare da hannu ya fara rawa ba.

Abokan gogayyarsa ba na yasarwa ba ne. .308 Winchester na 1952 yana harba kai iri ɗaya daga kwanso mai milimita 51, shi ya sa bindigarsa ta fi gajarta da sauƙin ɗauka, sai dai yana gazawa kaɗan idan kai ya haura giren 180. .270 Winchester na 1925 ya fi miƙewa a sararin fili, haka ma 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady ya fitar a 2007, wanda dukansa ke da sauƙi, amma dukansu biyun kawunansu sun fi sauƙi, kuma ba na sakin jiki da su a kan dabba mai kaurin ƙashi.

Naƙasunsa a bayyane yake. Bindigarsa takan fi tsawo da nauyi, matashi ko mai ƙaramin jiki kuma zai ji dukanta fiye da kima. Idan aka daidaita saiti a yadi 200, kai mai giren 180 yana sauka da kusan inci 8 ko 9 a yadi 300, bayan nan kuma saukar tana ƙaruwa da sauri. Sannan bai dace da ɓauna ko giwa ba: ƙasashen Afirka da dama sun ɗora mafi ƙanƙantar kaurin kai a kan inci .375, irin na kamfanin Holland & Holland da aka ƙera a Landan a 1912, kuma wajibi ne mafarauci ya san dokar inda zai yi farauta.

Wanda ya zaɓe shi ya mai da hankali ga ƙirar kan harsashin. Nosler Partition, wanda ke kasuwa tun 1948, yana da shamaki a tsakiya da ke riƙe rabin dalmar baya ko da gaba ya tarwatse, Barnes TSX kuwa jan ƙarfe ne zalla, yana buɗewa ba tare da ya zubar da nauyi sosai ba. Ɗaya daga cikin waɗannan, mai giren 165 ko 180, shi nake ba da shawarar a gwada a bindigar, a riƙe wanda ta fi harbawa daidai.