Gadar ƙarfe ko ƙaramar tirela: abin da na gani wajen ɗaukar babur daga Tahoua

Aikina na gyaran famfunan ban ruwa masu amfani da hasken rana ne ya sa nake ɗora babur a bayan Hilux, domin a wajajen Keita da Bouza akwai fadamun da mota ba ta isa, sai a ajiye ta a gari a ƙarasa da babur. Babur ɗin nawa mai inji 125 ne, nauyinsa ya haura kilo 100, bayan motar kuma ya kai kusan santimita 85 daga ƙasa. Neman samarin da za su ciccibe shi abu ne mai sauƙi a tasha, amma a bakin ƙauye da tsakar rana ba kullum ake samunsu ba, shi ya sa na sa wani mai walda a nan Tahoua ya ƙera mini gadar ƙarfe da ake tura babur a kanta ya hau bayan mota.

Tsawonta mita 2 da santimita 40, tana da baki a gefe biyu don kada taya ta zame, an kuma jera gajerun ƙarafa a gicciye domin taya ta samu abin kamawa ko da ta kwaso laka. A ganina tsawon nan shi ne duk darajarta. Na taɓa gwada wata ta alminiyom mai naɗewa da aka shigo da ita daga waje, marar nauyi, kyakkyawa, sai dai ba ta kai mita 2 ba, saboda haka hawanta ya yi tsaye ƙwarai, ƙasan injin kuma yana gogar bakin ƙofar bayan mota daidai lokacin da mai turawa ya gaji. Da doguwar, mutum biyu sun isa, kuma idan aka samu ɗan tudu aka jingina bayan mota da shi, hawan yana ƙara kwanciya.

Tana da aibu, ba zan ɓoye ba. Nauyinta yana gajiyar da kafaɗa, ta fi bayan motar tsawo, don haka sai an bar ƙofa a buɗe ko a ɗaure ta a sama, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba ta taɓuwa sai da tsumma. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a ɗaure kanta da jikin mota kafin a fara turawa, saboda tayar baya tana iya ture ta, babur da mai turawa su faɗo tare. Shi ma mai riƙe da kan babur yana buƙatar akwati ko kujera da zai taka ya hau, hannunsa kuwa kada ya bar birkin gaba.

Ƙaramar tirela kuma aro na yi daga wani aboki, lokacin da zan kai babura biyu Yamai, tafiyar kusan kilomita 550 ta Ƙwanni da Dogon Dutsi da Doso. Wajen lodi ta fi gada sauƙi nesa ba kusa ba, tunda ba ta da tsayi, ta kuma bar mini bayan mota na zuba kayan aiki. A kan hanya ne halinta ya fito. Ƙananan tayoyinta suna juyawa da sauri fiye da na mota, gindinsu yana ɗaukar zafi, duk ramin da mota ta wuce lafiya ita sai ta yi tsalle a kansa, idan kuma nauyi ya koma bayan tayoyin sai ta fara lilo. Komawa da baya da ita a lungun gari wahala ce, a cikin yashi kuwa ja take yi wa mota. A shingayen jami'an tsaro ana tambayar takardun kowane babur, don haka su kasance a hannu.

Ko da gada ko da tirela, ɗauri ne ke kai babur lafiya. Robar tsohon tif da 'yan lodi suka saba da ita tana miƙewa. Ni igiya huɗu masu maƙalar ƙarfe da ake tsukewa nake sawa, biyu a gaba biyu a baya, babur a tsaye cak ba a kan ƙafarsa ta gefe ba, tayar gaba ta tokare bangon gaban wurin lodi, a danne gaban ya sauka kamar rabi kawai don kada robar man ƙafafun gaban babur ta lalace, sannan a rufe makunnin fetur. Idan na tashi daga Tahoua nakan tsaya a Badagishiri in sake tsuke su, domin a farkon tafiya suke saki.

Mai babur ɗaya da mota mai buɗaɗɗen baya, wanda hanyarsa ta duwatsun Adar ce ko yashi, doguwar gada da igiyoyi masu kyau sun ishe shi. Tirela ta mai kai babura biyu ko uku a kan kwalta ce, shi ma sai ya tanadi tayar canji daidai girman nata, ya kuma duba fitilunta kafin ya tashi.