Wane littafi ɗalibin Turanci zai fara saya kan adon harshe da kurakuran hujja?

Duk farkon zango, ɗaliban sashen Turanci na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina kan shiga shagunan littattafai suna neman littafi guda da zai haɗa musu adon harshe, da kurakuran kafa hujja, da keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe. Waɗannan fannoni uku ne mabambanta, kuma littafin da ya yi ƙarfi a ɗaya yakan yi rauni a sauran, saboda haka wanda kuɗinsa bai kai ya sayi uku ba ya kamata ya fara duba darasin da ya fi matsa masa.

Ga mai nazarin adabi, zaɓin yana tsakanin A Glossary of Literary Terms na M. H. Abrams, wanda ya fara fitowa a 1957, da ƙamus ɗin Chris Baldick da Oxford ta fara bugawa a 1990. Abrams yakan tara kalmomi masu dangantaka a ƙarƙashin kai ɗaya, ya yi musu bayani mai tsawo kamar darasi, ta yadda kamantawa da siffantawa da mutuntarwa za su zo a jere, mai karatu ya ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Baldick kuwa gajeren bayani yake bayarwa bisa jerin baƙaƙe, yana kuma nuna yadda ake furta kalmomi masu wuya, abin da ke da amfani ga wanda zai tsaya gaban aji. A ganina ɗan shekarar farko ya fi buƙatar Baldick, amma wanda ya kai ga rubuta kundin kammala digiri zai fi cin moriyar Abrams. Ƙamus ɗin J. A. Cuddon ya fi su girma da nauyi, kuma laburare ya fi dacewa da shi.

Kurakuran hujja ba su da babban gurbi a cikin waɗannan littattafai, domin gidansu ilimin mantiƙi ne. Aristotil ya lissafa guda 13 tun zamanin Girkawa, kuma Introduction to Logic na Irving Copi, wanda aka fara bugawa a 1953, yana da babi na musamman da ya kasa su gida-gida. A nan ɗalibi zai ga bambancin sukar mai magana maimakon maganarsa, kamar a ce kada a saurari wane kan batun taki domin bai taɓa riƙe fartanya ba, da yanke hukunci kan jama'a saboda mutum biyu da aka gani. Sai dai yawancin littafin lissafin mantiƙi ne, don haka wanda darasin GST (darasin gama-gari da kowane ɗalibi ke ɗauka) kawai yake son ci bai kamata ya zuba kuɗinsa a kai ba. Don kalmomin nazarin sauti da ginin jimla, ƙamus ɗin David Crystal na kimiyyar harshe ya wadatar.

Ƙananan littattafan share fagen WAEC da JAMB suna da araha, amma da yawansu ma'ana kawai suke jerawa don a haddace. Kafin ka biya, buɗe inda aka yi bayanin metonimi da sinekdoki, domin su ne suka fi rikita ɗalibai. Idan muka ce fada ta yi kira, alhali Sarki muke nufi, na farkon ke nan. Idan magidanci ya ce baki goma yake ciyarwa, ya ambaci sashe yana nufin mutum sukutum, wannan na biyun ne. Littafin da bai kawo misali ya raba su ba, a mayar da shi kan kanta.

A kuma duba ingancin bugu. Na taɓa sayen wani kwafi mai rahusa, sai da na isa gida na tarar shafuka goma sha shida sun maimaitu, sashen kalmomin harafin M kuma babu shi gaba ɗaya, tawadar ta yi fari-fari har ana ganin rubutun bayan takarda. Wanda ya yi karatun balaga a zaure ko a Islamiyya ya riga ya san tashbihi da isti'ara da kinaya, don haka zai iya farawa da ƙaramin littafi, ya riƙa rubuta sunan Larabci da na Hausa a gefen kowace kalma.