Tsutsar saiwa a dashen zaitun: guba ko leda da dogonyaro?

Ɗan'uwa, ka ce ka dasa zaitun a gonarka ta wajen Bukuru kusa da Jos, filin da ka daɗe kana noman tumatir, yanzu ganyen ya yi rawaya, dashen ya ƙi tashi, ka tuge ɗaya ka ga ƙulle-ƙulle a saiwa. Kana tambaya ko ka sayo maganin barbaɗawa ko ka bi hanyar leda da dogonyaro.

Wannan ƙulli aikin nematod ne, tsutsar da tsawonta bai kai rabin milimita ba lokacin da take shiga saiwa. Tana shiga ta zauna, wurin ya kumbura, ruwa da taki su kasa wucewa. Mace ɗaya tana zuba ƙwai ɗaruruwa, kuma idan ƙasa da ɗumi, cikin wata guda sabon zubi ya fito. Tumatir, kuɓewa, yalo da karas duk abincinta ne, saboda haka a filin ka same ta, ko kuma ta biyo ƙasar ledar dashen.

Maganin barbaɗawa yana da sauri, wannan ba a musu. Amma tsutsar da ke yawo yake kashewa ko ya sumar, ƙwai da yawa suna tsira, bayan 'yan watanni a koma gidan jiya. Zaitun kuwa itace ne na shekaru, ba amfanin wata uku ba. Sau nawa za ka barbaɗa? Wanda aka fi sani, Furadan, Tarayyar Turai ta hana shi, Amurka ma ta haramta shi a kan kayan abinci tun 2009. Kaji da tsuntsaye suna tsintar ƙwayoyinsa su mutu. Abin da ya fi damuna shi ne ruwa: daminar Jos mai ƙarfi ce, ta wanke shi zuwa rijiya ko kududdufan haƙar kuza da masu lambu ke ban ruwa da su. Ni dai ba zan ba ka shawararsa ba.

Leda kuma kafin dasawa take aiki. A kafce ƙasa, a jiƙa ta sosai, a shimfiɗa farar leda mai nuna ciki, ba baƙa ba, a binne bakinta kewaye kada iska ta shiga, a bar ta mako 4 zuwa 6. Za ka ga raɓa ta taru a ƙarƙashinta, ciyawa ta dafe. Sai dai zafin saman ƙasa yake ratsawa, kamar taƙi ɗaya, can ƙasa tsutsa na nan. Kuma Jos ba Abuja ba ce. Muna kan tudu sama da mita 1,200, rana ba ta cizo kamar can. In za ka yi, ka nufi Maris zuwa farkon Afrilu, bayan hazo kafin ruwa ya sauka. Ƙasar cika ledar dashe kuwa, gara ka jiƙa ta ka turara a duro bisa wuta, ta huce, sannan ka zuba.

Ga itatuwan da suka riga suka kama ƙasa, tunkuzar 'ya'yan dogonyaro da ruɓaɓɓen kashin kaji su ne abokan tafiya. Ba sa ƙarar da tsutsa, rage ta suke yi, su ba itacen ƙarfin fitar da sabuwar saiwa. A cuɗa su da ƙasa daidai inuwar rassa, kada su taɓa gindi, a maimaita kowace damina. Akwai jinkiri, amma babban zaitun yana jure tsutsar fiye da ƙarami, don haka shekarun farko ne abin tsaro.

Wanda saiwarsa ta cika da ƙulli, tuge shi ka ƙona, kada ka maye gurbinsa nan take. Idan ka ga reshe ɗaya ya bushe farat ɗaya alhali sauran kore ne, ka kai samfurin saiwa da ƙasa wurin malaman gona, domin raunin da tsutsa ke yi yana buɗe ƙofa ga wata cutar ƙasa mai busar da zaitun. Tsakanin layuka, bana kada ka shuka tumatir, ka wanke fartanya kafin ka wuce wani ɓangaren gonar.