Shekara ɗaya da robar ɗaga mota a ƙarƙashin Jimny ɗina

Motata Suzuki Jimny ce, ƙirar da aka yi tsakanin 1998 da 2018, mai injin lita 1.3. Abin da ya sa na fara tunanin ɗaga ta bai wuce yadda cikinta ke dukan ƙasa ba duk lokacin da na shiga hanyar da manyan motoci suka riga suka haƙa. Cikakken kayan ɗagawa, wato sabon sifirin da shokazoba da sauran tarkace, ya fi ƙarfin aljihuna a lokacin. Sai na sayi robobi huɗu masu kaurin milimita 40, irin waɗanda ake ɗorawa a kan sifirin na asali. Babu komai a cikin kwalin sai su, ko takardar bayani babu.

Ɗaurawar ba ta ba mu wahala ba. Ni da bakanike muka gama kafin rana ta faɗi, kuma da aka sauke motar daga jak ta yi kyan gani, ba zan ɓoye ba. Robar ma tana da inganci. Har yau ba ta tsage ba, ba ta kuma lotse ba.

Akwai abin da na so a ce an faɗa mini tun farko. Jimny tana da aksil ɗoɗar a gaba da baya, wato ƙarfe guda da ya haɗa tayar hagu da ta dama, kuma tulun difarenshal da ke jikin aksil shi ne mafi kusa da ƙasa. Bodi da shasi kawai robar take ɗagawa, tulun nan kuwa yana nan inda yake. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Tayar asali 205/70 R15 ce, tsayinta kusan milimita 668. Na koma 215/75 R15, mai kusan 704. Bambancin 36 ke nan, kuma rabi kawai ake samu a ƙasa, wato milimita 18. Da na yi lissafin nan sai da na yi wa kaina dariya, duk wannan hidimar a kan abin da bai wuce kaurin yatsa ba. To amma a hanya ya yi amfani. Wuraren da nake jin dutse na kartar tulun a da, yanzu sau da yawa wucewa nake yi shiru.

Kwana biyu da ɗagawa matsaloli suka fara leƙowa. Na farko ƙara ce, ƙwal, duk lokacin da taya ta faɗa rami. Shokazoba ta asali ce ke miƙewa har ƙarshe, domin robar ta cinye mata filin da take da shi na sauka. A gargada motar ta koma tsalle kamar akuya. Na haƙura wata uku, daga baya na sayi shokazoba mai tsayi. Da aka sa ta, aksil ya samu damar sauka ƙasa fiye da da, sai tiyon birki ya miƙe tsaf kamar tsirkiya. Allah ya taimaka bakaniken ya lura tun motar na kan jak. Wannan ba abin wasa ba ne, a ranar aka canza tiyon da mai tsayi.

Sitiyari ne ya fi damuna. Bayan na sha kwana ba ya son komawa tsakiya da kansa, kuma a kan kwalta motar na yawo hagu da dama, sai na riƙe ta da hannu biyu. Na kai ta alaimen, aka daidaita abin da za a iya daidaitawa, ba ta canza zani ba. Ashe ɗagawar ce ke murɗa aksil na gaba, ta rage karkatar da ake kira kasta, wadda ita ce ke dawo da sitiyari. Maganin shi ne bushin da raminsu ke gefe, a sa a hannayen da ke riƙe da aksil. Da aka sa su motar ta nutsu. Aksil ɗin ma ya ɗan gusa gefe saboda sandar fanhad, wadda ke riƙe shi da shasi ta gefe, amma kaɗan ne, na bar shi haka.

Manyan tayoyin kuwa suna gugar jikin motar, ɗagawar ba ta hana hakan gaba ɗaya ba. Idan na murɗa sitiyari har ƙarshe a lokacin da taya ɗaya ta hau tudu, sai ta taɓa robar cikin kogon taya. Dalili kuwa, idan sifirin ya danne sosai taya na iya komawa kusan inda take kaiwa tun asali. Wuƙa na sa na datse robar kogon da ɗan gefen bamba.

Injin ya ji nauyin tayoyin. A hawa mai tsayi giya ta biyar ba ta da ƙarfin da na saba da shi, dole in sauko ta huɗu. Mai ma ya ƙaru, sai dai a kula: mita na ƙirga tafiya ƙasa da yadda take yi a da da kusan kashi 5 cikin 100, don haka shan man bai kai yadda lissafin farko ya tsorata ni ba. Kwana kuma sai a hankali, motar dama doguwa ce siririya, yanzu ta ƙara tsayi.

Da zan sake, tayoyin zan fara sawa in gani ko za su shiga da ɗan datsa kawai. In kuwa ɗagawar ta zama dole, da na tara kuɗi na sayi sifirin da shokazoba lokaci guda, tunda abin da na kashe kaɗan-kaɗan ya kusa kamo su. Wanda yake son ɗan ƙarin tsayi kuma ba ya shiga daji sosai, robar za ta yi masa, muddin ya sa bushin kasta a lissafinsa tun ranar farko. Tawa dai na nan a jikin motar, kuma sifirin na baya ya fara kwanciya, shi ne abin da zan canza nan gaba.